Rasuwar Lema, Eriyar da Na Yi Ta Ragewa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gwiwoyi biyu da suka gaji da hawan tsani, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da maƙwabta na kusa da na nesa, da duk wanda ya taɓa tsintar muryata a rediyon oba-oba da yamma, rasuwar eriyata, wadda aka fi sani da Lema. Ta rasu ranar Talatar da ta gabata, da hantsi, a inda ta yi dukan rayuwarta, wato kan rufin gidan da muke haya, bayan tankin ruwa. Ta rasu bayan doguwar jinya wadda ba ita ta nema ba. Ni ne mai ita, ni na haɗa ta da hannuna, ni ne kuma likitanta har zuwa ƙarshe, don haka a yi mini haƙuri idan sanarwar ta yi tsawo.

Akwai waɗanda suka san marigayiya daga ƙasa kawai, suna ɗaga kai suna tambayar mene ne wancan. To, eriya ce ta oba-oba, rediyon nan da mutum ke magana a cikinsa a amsa masa. Ƙa'idarsa ɗaya ce. Ka danna maɓalli ka faɗi maganarka, idan ka gama ka ce "oba" ka saki, sannan na can ya danna nasa. Muddin kai ne da magana, na can ba shi da abin yi sai saurare. Akwatin rediyon yana ɗaki, amma bakinsa da kunnensa suna kan rufi, kuma Lema ce bakin, ita ce kunnen.

An haife ta a shagona na ɗinki, a kan teburin da nake yankan yadi. Gidan talakawa ta fito, ba ta taɓa ɓoye hakan ba. Ban saya mata komai a kanti ba sai salatif da dalmar liƙi. Ƙashin bayanta guntun bututun ruwa ne na roba da mai gyaran famfo ya yar a lungu. Tsakiyarta, wadda ita ce ranta, wayar jan ƙarfe ce mai kauri, ragowar aikin wayarin wani gida, na feɗe mata roba da rezar farke ɗinki. Ƙafafunta huɗu ƙarafunan rataye riga ne na shago, na miƙar da su da filaya, suka baje suna kallon ƙasa. Kebul ɗin da ya haɗa ta da ɗaki kuwa gado ne daga wani tsohon ɗan haya da ya tashi ya bar dish ɗinsa na talabijin. Ranar da na ɗaga ta, maiɗakina ta fito tsakar gida da bokiti a hannu, ta dube ta sama da ƙasa, ta ce, "Wannan ai lema ce da iska ta cinye wa yadi." Sunan ya bi ta har ranar da ta bar duniya.

Dole in faɗi wani abu game da Yaya, domin ba don shi ba da ba a haifi marigayiya ba. Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, tsohon mai gyaran rediyo, ya girme ni nesa ba kusa ba, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Mutumin kirki ne, wannan ba mai musu. Sai dai tun ina yaro ban taɓa kai ƙarshen magana a gabansa ba. Da na ce, "Yaya, ni a ganina," ya riga ya san ganin nawa, ya san kuskuren da ke ciki, ya kuma fara gyara shi. Na yi aure, na haifi 'ya'ya, na yi furfura, yana kirana Auta yana ƙarasa mini zance. Yanzu yana zaune can bayan gari, bayan layin dogo da masana'antu, sai an shiga mota biyu. Wayar hannu kuwa ya ce ta mutanen da ba su san yadda murya ke tafiya a iska ba ce, tasa tana cikin durowa a kashe. Da ya ajiye aiki sai ya ba ni wani tsohon akwatin oba-oba da 'yar mita ta gwajin eriya, ya faɗa mini awo, ya ce idan na iya haɗa eriya da kaina mu riƙa gaisawa bayan la'asar.

Ni tela ne, ban saba yanka abu cif-cif ba, sai na bar rara saboda gobe. Haka na yi wa Lema. Na auna tsakiyarta da tef ɗin da ke wuyana, na yi alama da alli, na ƙara faɗin yatsa biyu. Daga nan na riƙa tsinke kanta kaɗan-kaɗan ina duba mita, kamar yadda Yaya ya koya mini. Idan allurar mita ta tashi ta nufi ja, eriya ba ta da lafiya. Idan ta kwanta, an samu daidai, sai a ajiye filaya. Allura ta kwanta, na ajiye filaya.

Ba zan manta yammacin farko ba. Na danna maɓalli, na ce, "Yaya, Auta ne, kana ji na? Oba." Na saki. Sai shhhhh, sai ƙarrr, sai ga muryarsa tamkar yana tsaye bakin ƙofa: "Ina jin ka garau, Auta. Ci gaba. Oba."

Ci gaba. Tunda aka haife ni bai taɓa ce mini haka ba. Na riƙe maɓallin na yi ta zuba. Na ba shi labarin kekena da ke tsallake zare, da 'yata da ta nace sai karatun jinya, da ciwon bayan da ke hana ni durƙuso. Kowace magana na kai ta ƙarshenta, na ajiye ta da kaina. Da na saki, sai ya amsa abin da na faɗa, ba abin da ya zaci zan faɗa ba. Na zauna a kujera na rasa inda zan sa hannuwana. Daɗi ne ya kama ni, irin wanda ke zuwa da ƙwalla, har na ji kunyar kaina ni kaɗai a ɗaki. Wannan shi ne aikin da Lema ta zo yi duniya: ta riƙe Yaya ya saurare ni. Ta yi shi shekaru, kullum bayan la'asar, ba ta taɓa cewa ta gaji ba.

Duk wanda ya zauna da marigayiya zai shaide ta da haƙuri. Rana ta dake ta, ruwa ya dake ta, kurciyoyi sun mai da ƙafafunta wurin hira sun bar mata abin da suka bari, ba ta kai ƙara ba. Ba ta cin wuta, ba ta shan mai, abin da take nema a shekara bai wuce a sake mata salatif ba. Ba ta da yawan surutu. Idan iska ta taso daga gabas takan yi ɗan fito, fiiiii, siriri, har yara su ce Lema na kiran Baba. Idan rana ta fara zafi bututunta yakan yi ƙas, ƙas, kamar tsoho na miƙa. Ban da waɗannan, duk abin da aka ji daga gare ta maganar mutane ce take isarwa, ba ta ƙara ba ta ragewa.

Ta haɗa ni da mutanen da ban taɓa ganin fuskarsu ba. Akwai Direba, mai babbar mota, wanda yakan kira idan ya biyo hanyar bayan gari, ya ba ni labarin ramukan titi kamar 'yan uwansa ne. Akwai Malama, tsohuwar mai koyar da kimiyya, wadda eriyarta 'yar kanti ce mai sheƙi, amma ba ta taɓa yi wa Lema gori ba. Ba zan ce marigayiya ba ta da aibi ba, don sanarwar rasuwa ba wurin ƙarya ba ce. Sau ɗaya ta shigar da muryata cikin talabijin ɗin maƙwabcinmu ana tsakiyar ƙwallo, dukan falonsa suka ji ina yi wa Yaya bayanin maganin basir. Ya zo har ƙofa ya ce, "Tela, Allah ya ba ka lafiya, amma ka bari a tashi wasa." Mun matsar da ita kaɗan, ba ta sake ba.

Jinyar ta fara ne a farkon damina. Na gama ba Yaya wani dogon labari, na ce oba, na saki. Sai ya ce, "Muryarka ta yi ƙasa, Auta. Duba kebul. Oba."

Washegari na hau na duba kebul. Na tarar da ɗan danshi a mahaɗa, na busar, na naɗe da sabon salatif, na sauko ina jin na yi abin kirki. Da la'asar ya ce har yanzu. Na sake hawa, na narke tsohuwar dalma na zuba sabuwa. Har yanzu. Na kankare tsatsar ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya. Na ƙara mata tsawo da sandar tsohon abin goge daɓe. Na ce ko tankin ruwa ne ke tare ta, na huda bututun na matsar da ita hagu, na sake hudawa na matsar da ita dama, na dawo da ita inda take. Na sauya batir. Na hura makirfo, na buga shi a tafin hannu. Kullum mita na cewa lafiyarta ƙalau, allura a kwance kamar ranar farko. Direba ya ce yana ji na tamkar ina zaune kusa da shi a gidan gaba. Na faɗa wa Yaya haka dalla-dalla. Amsar da ya ba ni ita ce, "Tsakiyar ta yi tsawo. Rage ta kaɗan. Oba."

Na tsaya a kan rufi da filaya a hannu, ina kallon mita ina tuna Yaya. Mitar ma shi ya ba ni. Shi ya taɓa ce mini mita takan yi ƙarya. Shi mutum ne da ya yi rayuwarsa a gyaran rediyo, ni kuma tela. Na sa filaya a kanta, ta ce ƙyat, guntun ya faɗa kan kwano ya gangara. Na tsince shi na sa a aljihu, ban san dalili ba.

Daga ranar jinya ta zama sana'a. Da la'asar Yaya ya ce a rage kaɗan, da hantsi in rufe shago in hau in rage kaɗan. Allurar mita ta fara ɗaga kai, na kau da ido. Ɗinkin mutane ya taru a kan tebur, masu kaya suna zuwa suna tarar da ƙofa a rufe da tsani a jingine. Gwiwoyina suka fara magana tun daga matakin farko. Na gaji, gajiya irin wadda barci ba ya ɗaukewa, amma duk lokacin da na ce yau ba zan hau ba, sai in tuna "ci gaba", sai in ga ƙafata a kan tsani.

Abin da ya ƙara ruɗa ni shi ne muryar Yaya kullum ƙara ƙarfi take yi, har sai na rage sautin akwatin. Na ɗauka alamar sauƙi ce, na ce ko ba komai kunnen Lema na warkewa, saura bakin. Sai kuma wani sabon abu ya ɓullo. In gama maganata in ce oba in saki, sai in tarar da shi a tsakiyar tasa maganar, ya daɗe da farawa. Wannan ya yi mini ciwo fiye da gwiwa. Na ce shi ke nan, Yaya ya gano hanyar katse ni har a oba-oba. Na ɗora wa Lema laifin, na ce da yana ji na sosai da ya jira, na hau na ƙara ragewa.

Maiɗakina ta tare ni a gindin tsani wata safiya, ta riƙe matakin da hannu. Ta ce, "Maigida, ka shiga mota ka je ka gan shi mana. Wayar nan a lungu ka tsinto ta, gwiwa kuwa ba a tsintarta."

Na ce, "In na je can zama zan yi in yi shiru in dawo. A can ba ni da maɓalli."

Ta sakar mini tsanin, na hau.

Malama ce ta fara jan kunnena ta iska. Ta ce, "Tela, kullum ƙara nisa kake yi. Me kake yi wa eriyar nan? Oba." Na ce jinya nake. Ta ce in ajiye filaya. Ban ajiye ba. Direba ya daina amsa kirana, ashe ba ya ji na ne. Daga baya Malama ma ta ɓace. Akwatin ya koma ɗaukar zafi idan na danna maɓalli, allurar mita ta tare a cikin ja ta yi zamanta. Da na ga tsakiyar ta koma abin tausayi, sai na yi abin da kowane tela ke jin kunyarsa, na yi mata ƙari. Na liƙa guntu a kan guntu da dalma, ƙarin ya karkace, iska ta kaɗa shi.

Ranar Talata na hau don in miƙe ƙarin. Ina kama bututun, wanda rana ta busar ni kuma na cika shi da huji, sai ya ce ɗas. Lema ta sunkuya a hankali kamar za ta gaishe ni, ƙafafunta suka bugi kwano, ƙwararam, ta kwanta. Wannan ne sautinta na ƙarshe. Kurciyoyi suka tashi, suka zaga, suka sauka kan tanki.

Na kwashe gawar a buhu, na rufe shago, na shiga mota biyun nan da na daɗe ina gudu. Niyyata Yaya ya duba ta da idonsa ya faɗa mini cutar da ta kashe ta. Na isa bayan la'asar. Matar Yaya ce ta buɗe mini ƙofa, ta dubi buhun ta dube ni, ta ce, "Tela, yau kai ne a gari? Shiga kai tsaye, sallama ba za ta yi maka amfani ba."

Ban gane ba sai da na shiga. Ɗakin cike yake da shhhhh, an murɗe sautin akwatinsa har ƙarshe, gilashin taga na rawa. Yaya na zaune ya ba ƙofa baya, ya kusa manna fuskarsa da ɗan madubin akwatin, inda wata allura ke motsi idan wani ya kira. Na yi sallama. Na sake yi da ƙarfi. Ko kafaɗarsa ba ta motsa ba.

Matarsa ta ce daga bayana, "Ai kunnen ya soma tafiya tun kafin damina. Na dama ya rufe ruf, na hagu sai ka sa baki a ciki. Likita ya ba shi abin sawa, yana durowa tare da wayar. Ya hana in faɗa wa kowa, kai ma ya ce ba yanzu ba."

Na ce, "Ban sani ba."

Ta ce, "Wa zai sani? Mutumin da da ma can ba ya saurare, ranar da ya daina ji ma ni sai da na yi mako ban lura ba. Allurar nan yake kallo. In ta tashi ya san kai ne, in ta kwanta ya san ka gama, sai ya yi tasa. Kwanan nan da ƙyar take motsi, ba ya gane ka gama ko ba ka gama ba, sai ya yi ta magana kawai."

Na tsaya da buhu a hannu. Ashe duk ragin da nake yi, allurarsa nake kashewa. Ashe ba katse ni yake yi ba, lalube yake.

Ta taɓa kafaɗarsa. Ya juyo ya gan ni, ya daɗe yana kallona, sannan ya kalli buhun. Ya miƙo hannu na ba shi. Ya zaro tsakiyar Lema da ƙarinta a karkace, ya auna ta da tafin hannunsa, ya ɗaga murya kamar ina tsallaken titi.

"Wa ya yi mata wannan aika-aika?"

Na sunkuya na sa bakina a kunnensa na hagu. "Kai ka ce in rage, Yaya."

"Na ce kaɗan."

Matarsa ta yi dariya ta fita. Ni ban iya ba. Yaya ya kashe akwatin, ɗakin ya yi tsit. Ya ci gaba da juya wayar a hannunsa yana shafa wuraren da filaya ta ci. Can ya ce, da muryar da a wurinsa raɗa ce, "Awon farko daidai yake, Auta. Ba ta da laifi." Ya ajiye ta a kan tebur kusa da akwatin, bai dube ni ba. "Jiya da ƙyar na ga allurar. Yau na zauna tun azahar ba ta motsa ba. Na ɗauka wani abu ya same ka."

Na zauna a gefensa har rana ta yi sanyi. Karon farko ke nan da muka zauna ido da ido bai katse ni ba, ni kuma na rasa abin faɗa. Ina ta tuna labaran da na ba shi a daminar nan: cewa 'yata ta samu shiga makarantar jinya, cewa likita ya ce in rage zaman keke, cewa na yi mafarkin mahaifinmu. Na zaɓi kalmomi, na kai kowace magana ƙarshenta, a can kuwa allura ce kawai ke rawa. Baƙin ciki ya cika ni, nawa da nasa, ban san wanda ya fi nauyi ba.

Saboda haka ina so duniya ta shaida, marigayiya ta rasu da lafiyarta. Ba ta taɓa riƙe saƙo ba, ba ta taɓa rage murya ba. Ta kai duk abin da aka ba ta har ƙofar kunnen da aka aike ta, sauran ba a hannunta yake ba.

Ta rasu ta bar akwatin oba-oba, abokin zamanta, wanda tun ranar ba abin da yake cewa sai shhhhh. Ta bar kebul, yana nan a rataye daga rufi, bakinsa a buɗe. Ta bar mita, wadda ta faɗi gaskiya tun farko aka ƙi jin ta, kuma iyalai na neman afuwarta. Ta bar batir biyu, tsoho da sabon da aka saya a banza. Ta bar guntayen kanta, waɗanda na riƙa sawa a aljihu, suna cikin gwangwanin maɓallai a shago. Jiya na jera su a kan tebur na auna, sun fi ɗan yatsana tsawo. Ta bar kurciyoyi da ba su da wurin hira. Ta bar Direba da Malama, waɗanda nake roƙon duk mai oba-oba ya isar musu cewa Tela na raye, eriya ce ta mutu. Ta bar maiɗakina, wadda har yau ba ta ce "ai na faɗa maka" ba, kuma ina ganin ƙoƙarin da hakan ke ci mata. Filaya ma tana cikin waɗanda aka bari, amma ba a buƙatar a yi mata ta'aziyya.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Za a yi ta ranar Asabar da hantsi a ƙofar shagona. Bututun zai koma lungun da aka tsinto shi. Ƙafafun huɗu za a lanƙwasa su su koma rataye riga, idan sun yarda. Tsakiyar ba za ta halarta ba, Yaya ya hana a ɗauke ta daga kan teburinsa. Za a karɓi gaisuwa a shago, masu ɗinki a wurina su zo da haƙurinsu, kayansu na nan tafe. Ana roƙon masu ta'aziyya kada su zo da shawara, an samu isasshiya. Kada kuma a kawo eriyar kanti, ko kyauta ce.

Abu ɗaya ake nema. Duk wanda ke da wayar jan ƙarfe mai kauri, wadda ta ɗara tsawon hannu, ya taho da ita. Za a yanka ta a kan awon farko, a rage har allurar mita ta kwanta, daga nan a miƙa wa maiɗakina filaya ta ɓoye inda ban sani ba. Ana neman mutum mai sauran gwiwa ya hau ya ɗaure ta bayan tanki, ni zan riƙe tsani. Ranar Lahadi ba za a same ni ba, daga yanzu kowace Lahadi ina bayan gari, a kujerar da ke hagun Yaya.

Zaman makoki zai tashi kafin la'asar, kowa ya yi haƙuri ya kama gabansa, domin a lokacin ina da kira. Na san ba za a ji ni ba. Idan aka ce in rage kaɗan zan ce to, Yaya, ba kuma zan taɓa komai ba. Zan danna maɓalli in faɗi maganata har ƙarshe, in ce oba, in saki. Can bayan layin dogo akwai wani tsoho da ya kafa wa allura ido, kuma tun ranar Talata ba ta motsa ba.